Tabarmar lissafi: Yadda masana ke awon ƙarfin da ke cikin ƙwayar zarra

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai saƙar tabarmar kaba a Dantchiao ko Magaria ya san cewa komai gwanintarsa, da'irar da ya saƙa ba ta fita sumul. Hawa-hawa take fita, sai an ja da baya ko an rage faɗin kabar kafin ido ya yarda da'ira ce.

Irin wannan matsala ce masana kimiyyar fiziks ke fama da ita tun 1974, lokacin da Kenneth Wilson na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya kawo dabarar lissafa ƙarfin da ke ɗaure ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak a cikin furoton. Lissafin ya gagari alƙalami, don haka ya yanka sarari da lokaci gida-gida kamar saƙa, yadda daga baya kwamfuta ta iya ɗauka.

Sai dai dabarar ta zo da nata aibin. A zahiri, duk inda aka juya gwaji, gabas ko kusurwa, doka ɗaya ce ke aiki. A kan saƙa kuwa, juyin kwata ne kaɗai ke barin ta yadda take. Domin gyara, masana kan maimaita lissafin da gidaje masu ƙanƙanta a kai a kai, suna sake daidaita alƙaluman kowane zagaye, har su gano amsar da za a samu in babu saƙar. Aikin na cin watanni a manyan kwamfutoci, kuma a nan kuskure ya fi ɓuya.

Amfaninsa ya fito a Afrilun 2021. Cibiyar Fermilab ta Amurka ta sanar da cewa maganaɗisun ƙwayar muwon ya saɓa wa hasashen masana, har aka fara maganar sabuwar dokar halitta. A ranar, mujallar Nature ta buga lissafin saƙa na wata tawaga daga Budapest da Marseille da Wuppertal, wanda ya nuna giɓin bai kai yadda ake zato ba.

Da farko an yi ɗari-ɗari da sakamakon, kuma da hujja, tunda tawaga ɗaya ce. Amma wasu tawagogin sun sake lissafa sassansa suka samu daidai, kuma a 2025 sabon hasashen da aka gina kan saƙar ya dace da awon ƙarshe na Fermilab.