Surar Jiki a Zuci da Kafofin Sada Zumunta: Matsalar Ma'auni a Ƙasar Magarya

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba wata tambaya da ta shafi hanyar bincike: shin ma'aunan da masana halayyar ɗan Adam suka ƙirƙiro a Turai da Amurka za su yi aiki a Kwaya da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, cikin jahar Damagaram? Abin da muke kira "surar jiki a zuci" shi ne hoton da mutum yake riƙe da shi na jikinsa, tare da hukuncin da yake yanke masa, wato ya yi ko bai yi ba. Ra'ayinmu shi ne, ɗabi'ar gwada kai da wasu tana ko'ina, amma abin da ake gwadawa ya bambanta. Manazarcin da bai lura da haka ba zai iya kammala aikinsa da cewa babu damuwa, alhali tana nan.

2. Abin da bincike ya nuna

Tushen wannan fanni shi ne ra'in Festinger (1954), wanda ya ce mutum yakan san matsayinsa ta hanyar kwatanta kansa da wasu. A da, yarinya takan gwada kanta da ƙawayenta na dandali. Yanzu wayar hannu tana kawo mata ɗaruruwan fuskoki waɗanda aka zaɓa, aka kuma gyara su da na'ura.

A tsibirin Fiji, inda ake yabon cikar jiki, Becker da abokan aikinta sun nazarci ƴan mata ƴan makaranta a 1995, lokacin da talabijin ta iso yankinsu, da kuma a 1998. A karon farko babu wadda ta ce tana jawo amai don rage ƙiba. A karo na biyu kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Haka kuma a 2021 wasu takardun sirri na kamfanin Facebook suka fito fili, inda kashi 32 cikin 100 na ƴan matan da aka tambaya suka ce idan jikinsu yana damunsu, Instagram yana ƙara musu damuwar.

Sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan. Orben da Przybylski (2019) sun bi bayanan matasa fiye da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka gano cewa amfani da waɗannan na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin kwanciyar rai tsakaninsu ba. Ke nan ƙirga awoyin da aka yi ana kallon waya bai wadatar ba. Sai an san abin da ake kallo, da mai kallon.

3. Ma'anar ƙiba da rama a ƙasar Hausa

Yawancin ma'aunan an gina su bisa zaton cewa mace tana tsoron ƙiba. Misali, ma'aunin Cooper da abokan aikinsa (1987) tambayoyi 34 ne, kuma galibinsu suna zagaye da jin an yi ƙiba fiye da kima.

Harshen Hausa kansa yana nuna wata alƙibla daban. Idan aka ce mace "ta yi jiki" ko "ta murmure", yabo ne gare ta da wanda yake ciyar da ita. Idan amarya ta rame, dangi sukan fara tambaya ko lafiya take zaune a ɗakinta. Sunan cutar ƙanjamau ma daga ƙanjamewa ya samo asali. A ƙasar Magarya wannan fahimta tana da dalili: ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara masu tamowa a can tun yunwar 2005, kuma a watan Satumba na 2018 ta sanar cewa yara kimanin 10 suke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Inda aka san rama da wannan fuska, da wuya ta zama ado.

Abin bai tsaya ga Hausawa ba. Popenoe (2004) ta bayyana yadda Larabawan Azawak suke ɗura wa yarinya nono da kunun hatsi tun daga lokacin famfara, don ta yi ƙiba kafin aure.

Saboda haka a nan rashin gamsuwa da jiki yakan bi hanya biyu. Ta farko ita ce neman ƙiba da magungunan da ake kira "sha ka fashe", waɗanda sau da yawa cyproheptadine ne, mai buɗe ciki, ko dexamethasone, wanda yawan shansa yake kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Ta biyu ita ce neman hasken fata da mayukan bilicin masu ɗauke da hydroquinone ko zaiba, wadda take lalata ƙoda. Kirarin da ake yi wa farar mace, alkyabbar mata, ya girmi intanet. Abin da waya ta ƙara shi ne hoton da aka haskaka, da tallar mai da magani a gefensa. A 2023 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, kuma kasuwannin Magarya da Dungas suna cin kaya daga Kano da Daura.

4. Shawarwari ga mai bincike

Na farko, a fara da tattara kalmomin da mata suke amfani da su, irin su diri, ƙira, siranta da wankan tarwaɗa, kafin a rubuta tambaya ko ɗaya.

Na biyu, ma'auni ya fuskanci ɓangare biyu, wato son ƙaruwa da son raguwa, ya kuma haɗa da launin fata. Mai yiwuwa ɗalibar jami'a a Damagaram ta so siranta, amaryar Kwaya kuma ta so ƙiba.

Na uku, kada a ɗauka mai waya kaɗai ke kallo. A karkara waya ɗaya takan zagaya gida, bidiyo kuma yakan iso ta katin memori daga rumfar masu caji, ba tare da intanet ba.

Na huɗu, maganar jiki magana ce ta kunya. Ya kamata mace ce za ta yi wa mace tambaya, da baki, ba a gaban miji ko uwar miji ba.

5. Kammalawa

Mun nuna cewa ra'in kwatanci zai iya tafiya daga wata al'umma zuwa wata, amma tambayoyin da ake auna shi da su ba sa tafiya haka. Yarinyar da take shan dexamethasone kafin bikinta za ta amsa "a'a" ga duk tambayar tsoron ƙiba, a rubuta ta cikin masu lafiya. Aikin da ke gaban sassan harsuna da na halayyar ɗan Adam shi ne su haɗu su gina ma'aunin da zai gan ta.