Tsofaffin Akwatunan Ado: Gwal Ya Tafi, Mazubinsa Ya Saura

Gwal ba ya daɗewa a sura ɗaya. Ranar da aka shiga matsi a kai shi wurin maƙeri, sarƙar kaka ta narke ta koma zoben jika. Akwatin da ake ajiye shi kuwa babu mai narka shi, shi ya sa sau da yawa shi ke saura, kuma a jikinsa ake karanta labarin masu shi. Ga kaɗan daga abubuwan mamaki game da irin waɗannan akwatuna, waɗanda yau masu tara kayan tarihi ke rububinsu.

Misirawan zamanin Fir'auna ba sa sa wa akwatin adonsu kwaɗo. Ƙulli biyu ake yi masa, ɗaya a murfi ɗaya a gefe, a naɗe su da igiya, a manna laka a kan ɗaurin, sannan a danna hatimi. Wannan ba zai hana ɓarawo buɗewa ba, amma zai tona cewa an buɗe. Da Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a 1922, ya tarar da akwatuna da dama ɗauke da rubutun magatakarda mai lissafa abin da aka zuba a ciki. Da ya gwada lissafin da abin da ya gani, sai ya ƙiyasta cewa ɓarayin wancan zamani sun kwashe kusan kashi 60 cikin 100 na kayan adon. Ashe abin da duniya ke tururuwar kallo yau ragowar ɓarayi ne.

A ganina, babu inda sana'ar ta kai ƙololuwa kamar Andalus a zamanin halifofin Banu Umayya. A Madinatuz Zahra, kusa da Ƙurɗuba, masassaƙa kan ɗauki guntun hauren giwa su rarake cikinsa, su mai da shi ɗan gwangwani mai murfi kamar ƙubba, don ajiyar duwatsu masu daraja da miski da kafur da ambar. Wanda aka yi wa Almugira, ɗan Halifa Abdurrahman na Uku, a shekarar 968, bai kai taƙi ɗaya ba a tsayi. Duk da haka a jikinsa akwai zakuna, da mahaya dawaki suna tsinkar dabino, da samari masu ɗibar ƙwai a sheƙar shaho, kuma babu wurin da ɗan yatsa zai sauka bai taɓa sassaƙa ba. A gindin murfin an zagaya da rubutun Kufi mai yi wa mai shi addu'ar albarka. Shekara takwas bayan haka aka kashe Almugira a rikicin gadon sarauta, aikin kuwa yana gidan tarihi na Louvre a Faris.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda da yawansu suka sami mafaka bayan rushewar daular: majami'un Kirista. Wanda Halifa Alhakam na Biyu ya sa aka yi wa Subh, uwar 'ya'yansa, a 964, a babban cocin Zamora aka adana shi. Wani kuma da aka sassaƙa wa Abdulmalik ɗan Almansur a wajajen 1004 ya shafe ƙarnuka a gidan ibadar Leyre, ana ajiye ƙasusuwan waliyyan Kirista a cikinsa, rubutun Larabcinsa na nan daram.

Rashin sani ya fi dare duhu. A ƙauyen Auzon na Faransa, wasu iyali sun daɗe suna zuba zare da allura a wani ɗan akwati na ƙashin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Wata rana aka ɓalle azurfar da ke riƙe da shi aka musanya da zobe, akwatin ya wargaje. Ashe aikin farkon ƙarni na 8 ne daga arewacin Ingila. Augustus Franks ya sayi ɓangarorinsa a Faris a 1857, ya ba gidan tarihin Birtaniya kyauta a 1867. Gefe guda ya ɓace a lokacin, daga baya ya ɓulla a Italiya, kuma har yau yana birnin Florence, sauran suna Landan.

Makamancin haka ya faru da wani babban akwatin Japan na wajajen 1640, wanda aka shafe da ƙaron bishiyar urushi aka yi masa zane da garin gwal. Gidan tarihi na Victoria and Albert ya yi shekaru yana cigiyarsa, alhali yana wani gida a unguwa ɗaya da su. A 1970 wani injiniya Bafaranshe ya saye shi fam 100, ya ɗora talabijin a kai, daga baya ya mai da shi ma'ajiyar kwalabe. A 2013 aka yi gwanjonsa a Faransa, gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya biya yuro miliyan 7.3.

Akwai akwatin da ya taimaka wajen kayar da sarauniya. A 1567 abokan gabar Sarauniya Mary ta Sukotlan suka ce sun sami wasiƙu takwas a wani akwatinta na azurfa, masu nuna da hannunta a kisan mijinta. Wasiƙun na asali sun ɓace tun 1584, kuma har gobe masana na gardama ko na jabu ne. Akwatin da ake kyautata zaton shi ne, gidan tarihin Sukotlan ya saye shi fam miliyan 1.8 a 2022. A Faransa kuma, katafaren ma'ajin ado da aka ƙera wa Josephine, matar Napoleon, a 1809 aka kawo shi, shekarar da auren ya mutu. Amaryar Napoleon, Marie-Louise, ce ta ci moriyarsa.

Ba duka ne na fada ba. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Norman Cross ta Ingila daga 1797 sun riƙa tsaga karan alkama suna rina shi, suna manna wa ƙananan akwatuna, su sayar a kasuwar ƙofar kurkuku. A Galle ta Siri Lanka ƙayar beguwa ake jerawa a jikin baƙin katako. A ƙauyen Palekh na Rasha, da juyin juya halin 1917 ya kashe kasuwar zanen hotunan coci, sai masu zanen suka koma kan akwatunan da aka yi da matsattsiyar takarda, suka kafa ƙungiyarsu a 1924. Shi kuwa akwatin nan mai kiɗa in an ɗaga murfi, asalinsa daga wani maƙerin agogo ne a Janiba, Antoine Favre, a 1796: ɗan ƙarfe mai ƙayoyi ke juyawa yana taɓa haƙoran ƙarfe, kowane haƙori da muryarsa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba, kuma nan ne hankalina ya fi karkata. Battar Agadas ta isa a tsaya a dube ta. Da yumɓu ake fara gina surarta. Sai a kankare fata a jiƙa ta har ta yi laushi, a lulluɓe yumɓun da ita, a bar ta ta bushe ta ƙame. Daga nan a murza kakin zuma siriri a zana ado da shi, a tsoma a rini ja. Inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, in an ɓare shi zanen ya fito fes. A ƙarshe a farfasa yumɓun a zazzage, a sami mazubi marar nauyi, murfinsa na shiga cif, mata na zuba 'yan kunne da murjani da turare. Asantawan Gana kuma suna da kuduo na tagulla, inda ake ajiye garin gwal da tsakiya, wanda masana ke danganta siffarsa da kwanukan tagulla na ƙasashen Musulmi da fatake suka ƙetaro da su Sahara.

Mai sha'awar saye ya kula da hauren giwa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma dokar Birtaniya da ta fara aiki a 2022 ta fi tsanani: cikin 'yan abubuwan da ta yarda a sayar akwai wanda aka yi kafin 1947, in hauren da ke jikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Wanda kuma yake da tsohuwar batta ko tandu ko adudu a gida, don Allah kada ya shafa musu fenti, kada ya goge su da yashi don su yi ƙyalli, domin hakan na rage musu daraja wurin masu tarawa. A nisanta su da damshi da zafin rana, a tambayi tsofaffin gida wa ya yi su, a wane gari, wa ya fara mallakarsu, a rubuta a takarda a saka a ciki.