Tababar Awo a Lissafin Fiziks: Matakin Farko na Aiki da Taskar uncertainties

1.0 Gabatarwa

Duk wani awo da ɗan Adam ya yi yana tafe da tababa, watau 'yar ratar da ke tsakanin abin da ma'auni ya nuna da ainihin gaskiya. Tun shekarar 1993 hukumomin awo na duniya suka fitar da jagora a kan yadda ya kamata a riƙa bayyana ta. Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna yadda taskar manhaja mai suna uncertainties, wadda Eric Lebigot ya rubuta cikin harshen Python, take ɗauke wa mai nazari wahalar wannan lissafi.

2.0 Misali Daga Ƙasar Gobir

A garuruwan Sabon Birni da Isa, rijiyar fadama kusa da gulbi ba ta da zurfi, amma ta kan tudu takan yi nisa ƙwarai. A ɗauka ɗalibi ya saki dutse cikin rijiya, ya ji ƙarar ruwa bayan sakan 2.0, da tababar sakan 0.2 saboda jinkirin yatsa a kan agogo. Zurfin shi ne rabin 9.78 sau lokacin sau kansa, watau mita 19.6. To, amma da yake an ninka lokacin da kansa, tababar kashi 10 cikin ɗari ta koma kashi 20, kimanin mita 3.9. Wanda ya sayi bututun famfo bisa mita 19.6 kawai yana iya tarar da bai kai ga ruwa ba.

3.0 Yadda Ake Farawa

Ana girka taskar da umarnin pip install uncertainties. Daga nan sai a rubuta:

from uncertainties import ufloat
t = ufloat(2.0, 0.2)
print(0.5*9.78*t**2)

Nan take kwamfuta za ta ba da zurfin haɗe da tababarsa. Haka kuma taskar tana tuna asalin kowace lamba. Idan aka ɗebe t daga t, sifili za a samu ba tare da wata tababa ba.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a lura da abu biyu. Na farko, dabarar tana inganta ne idan tababar ƙarama ce. Na biyu, ba ta gano kuskuren da ke cikin tsarin gwajin kansa, kamar lokacin da ƙara ke ɗauka kafin ta hauro daga gindin rijiya. Wannan aikin malami ne da ɗalibinsa.