Zaitun a Tukunya: Rana Yake So, Ba Falo Ba

A 'yan shekarun nan dashen zaitun ya fara shigowa gidajen ƙasar Gumel. Wani daga Kano ya sayo, wani kuma tsarabar ɗan'uwa ce. Ba abin mamaki ba ne, domin itaciya ce da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tin da Suratun Nur, man ta kuma ba ya yankewa a shagunan magungunan Musulunci. Sai dai girmamawar nan ce ke jawo masa halaka. Mai gida ya ga abu mai albarka, sai ya ajiye shi a falo kusa da talabijin, labule a sauke, ana ba shi ruwa safe da yamma. Kafin wata biyu ganye ya fara zuba.

Zaitun ɗan gaɓar Bahar Rum ne. Sifen ce kan gaba a duniya wajen noman sa, ga Italiya, Girka, Tunisiya, Maroko da Falasɗinu. A can a fili yake, cikin ƙasa mai tsakuwa, rana na dukan sa wuni guda. Yana buƙatar aƙalla awa 6 na rana kai tsaye, abin da tagar ɗakunanmu, da ake ƙanƙantawa saboda zafi da ƙura, ba za ta bayar ba. A Sule Tankarkar, wanda ke son zaitun a gida tsakar gida zai kai shi, ko bakin baranda ta gabas. In don ado ne a shigo da shi ranar da za a yi baƙi, washegari a mayar.

Ƙasar kuwa ba sai an nemo daga nesa ba. Rairayin da manomin gero a Gagarawa ko Maigatari ke kuka da shi don ba ya riƙe ruwa, shi zaitun ke so. A haɗa shi da ruɓaɓɓen taki kaɗan da 'yar tsakuwa, a zuba a tukunyar ƙasa da aka huda gindinta. Baƙar roba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, dafa saiwa take yi. Tukunyar ƙasa tana tsatsafo, tana sanyaya ciki kamar randa. A ɗora ta kan bulo, don ruwa ya tsiyaye, gara kuma ta rasa hanya.

Ban ruwa ne wurin da aka fi kuskure. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, a bari. In ta bushe a zuba har ya ɗigo ta ƙasa. Da bazara hakan kan zo kusa da kusa, da damina kuwa, musamman a Agusta, sai a janye tukunyar daga bakin indararo. Ganye ya yi rawaya yana faɗuwa alhali ƙasa jiƙe take, saiwa ce ke ruɓewa, ƙarin ruwa kuma ƙarasa ta zai yi. Ƙurar hunturu a wanke ta daga ganyen. Akuya kuwa ba ruwanta da albarka, sai an yi shinge.

Maganar 'ya'ya fa, gara a rage buri. Zaitun ba ya fure sosai sai ya sha makonni na sanyi na gaske, sanyin hunturunmu kuma na dare ne, hantsi na dubawa ya tafi. Ko a Nijar, zaitun ɗin daji da ke ƙasar Abzin a saman duwatsu yake, irin su Bagzam, inda tsawo ke kawo sanyi. Irin da ake kira Arbequina ya fi sauƙin buƙatar sanyi, ya kuma fi dacewa da tukunya. Ko ya yi 'ya'yan, ɗanyensu ɗaci ne zalla, sai an jiƙa su a ruwan gishiri na makonni kafin su ciwu.

Mai saye ya buɗe ido: atilen Filato, da wasu ke kira zaitun, wata bishiya ce daban. Ganyen zaitun siriri ne, mai ƙarfi, samansa kore, ƙasansa fari-fari kamar an barbaɗa toka.