Mai Sauya Sana'a, Fito da Kekenka Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ba a ƙuryar ɗaki ake horar da yaron shago ba. Kekensa na bakin ƙofa, yana ta bin layi a kan takardar buhun siminti ko ragowar ƙyalle. Ɗinki na karkacewa, maigida zai hango daga teburin yanka ya ce, "Warware ka sake." Wanda ya zo karɓar kaya ma sai ya leƙa ya ce aljihun nan ya yi ƙasa. Kunyar ta ɗan lokaci ce, hannu kuwa yana ta faɗawa. Kafin sallah biyu, mutanen da suka ga karkataccen ɗinkinsa su ne za su fara miƙa masa yadi, domin a idonsu ya gwanance.

Wannan hanya ce ta fi dacewa da malamin makaranta ko ma'aikaciyar banki da suka ɗaura niyyar komawa rubuta manhaja ko nazarin bayanai. Sai dai da yawansu a ɓoye suke koyo. Su kwana kallon darussa a YouTube, ba wanda ya taɓa ganin layi ɗaya da suka rubuta, don gudun a ce, "Da girmanka?" Asarar nan biyu ce. Kuskuren da ba a gani ba yakan zauna har ya zama ɗabi'a. Sannan ranar neman aiki, takardar shaidarsa ta wani fanni ce daban, kuma babu aikin hannu da zai nuna. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Manyan wannan fage ma a fili suka fara. A 1991 Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya sanar da jama'a cewa yana haɗa wata manhajar tafiyar da kwamfuta don sha'awa, ya nemi jin ra'ayinsu. Gyare-gyaren da suka riƙa zuwa daga ko'ina su suka raini manhajar, wato Linux. Quincy Larson daga harkar koyarwa ya fito, ya koyi rubuta manhaja da girmansa, ya kafa dandalin koyon manhaja na freeCodeCamp a 2014. A 2016 Alexander Kallaway ya soma ƙalubalen 100DaysOfCode: awa ɗaya ta aiki kullum har kwana 100, tare da bayyana wa mutane inda aka kwana.

Bakin ƙofar mai koyon manhaja a yau shi ne GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ɗora aikinsu. Ka ɗora ɗan aikinka ko da lissafin cinikin shago ne da yaren manhaja na Python. Ka rubuta abin da ka so yi, inda ya ƙi, da yadda ka shawo kansa. Bayanin nan kansa karatu ne, don wanda ya kasa fayyace abu a jimla uku bai gama fahimtarsa ba. Idan da Hausa ka yi shi, ka share wa na bayanka hanya.

Amma akwai iyaka. Yaron shago ba ya gwaji da shaddar mutane. Kada ka ɗora bayanan ofishinku, sunayen abokan hulɗa ko kalmar sirri. Kada kuma koyon ya koma tallan kai, hotunan takardun kwas ba tare da aiki ba. In an yi maka gyara, ka gode, ka gyara, ka nuna gyaran.

Shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 na da burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha. A cikin wannan taro, wanda ake iya bin sawun aikinsa wata bayan wata shi za a fara kira. Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ku jira sai kun ƙware. Ku fitar da aikin wannan makon yadda yake, ku roƙi wanda ya fi ku sani ya duba muku.