Yadda Na'urorin Sadarwa Ke Yarda da Maganar Maƙwabci

Ranar 24 ga Fabrairu, 2008, YouTube ya ɓace a sassa da dama na duniya har kusan awa biyu. Gwamnatin Pakistan ce ta ce a toshe shi a cikin ƙasarta, sai kamfanin Pakistan Telecom ya yi shelar cewa hanyar zuwa YouTube ta wajensa take. Shelar ta tsallake iyaka, kamfanin PCCW na Hong Kong ya ɗauka ya yaɗa, saƙonnin jama'a suka yi ta kwarara Pakistan suna nutsewa. A Nuwamban 2018 irin haka ta faru da kamfanin MainOne na Legas, inda kuskuren saiti ya karkatar da wasu hanyoyin Google ta Rasha da China.

Tushen matsalar yarda ce. An ƙirƙiro BGP, tsarin da manyan cibiyoyi ke sanar da juna hanya da shi, a 1989, zamanin da masu kula da intanet 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. Duk abin da maƙwabci ya faɗa, na'ura ta ɗauka. Kuma idan shela biyu suka zo, wadda ta ambaci ƙaramin rukunin adireshi ita ake bi. Da wannan Pakistan ta rinjayi YouTube.

A cikin gini guda ma haka abin yake, kuma nan ne injiniya ya fi sakaci. Suwic-suwic masu zaɓen hanya sukan yi magana da juna ta tsarin OSPF, suna gaisawa duk daƙiƙa 10. Idan ba a sa mabuɗi ba, duk wanda ya jona kwamfutarsa a soket ɗin bango zai iya amsa gaisuwar, ya ce shi ma maƙwabci ne. Maganin ba shi da tsada: a sa wa kowace gaisuwa hatimin sirri, gara na SHA da tsohon MD5, sannan a hana OSPF fita ta ƙofofin da ma'aikata ke jonawa. A bakin iyakar cibiya kuma a tace shelar BGP da ke shigowa, a duba ta da RPKI, rajistar da ke tabbatar da mai adireshi na gaskiya. A Afirka AFRINIC ke riƙe da ita.

Rabon kayan saƙo tsakanin hanyoyi kuwa, idan hanyoyi biyu suka yi kunnen doki a tsada, suwic yakan bi duka biyun, wato ECMP. Yana lissafi da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ya ɗora kowace hira a hanya ɗaya, don kada guntayen saƙo su iso a hargitse. Shi ya sa wani lokaci waya ɗaya takan cika maƙil, 'yar'uwarta na zaman banza.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗuwar yarda da rabon kaya. Maƙwabcin ƙarya da ya yi shelar hanya mai tsada daidai da ta gaskiya zai samu kasonsa na kayan. Ya karanta, ya miƙa gaba, intanet na aiki, babu wanda zai kira ofishin injiniya ya yi ƙorafi.