Ko Kun Sani? Saukar Lema Ma Sai da Lasisi

Ko kun san cewa a Amurka, mai sha'awar saukar lema sai ya yi tsalle daga jirgin sama sau 25 kafin ƙungiyar masu wannan wasa ta ƙasar, USPA, ta ba shi lasisin farko? Mafi girman lasisi kuwa sai ya cika 500.

Galibi a ɗaure a ƙirjin malami ake farawa. Daga nan sai darasi na gaske: ɗalibi ya fita ƙofar jirgi a tsayin kusan mita 4,000, malamai biyu na riƙe da shi dama da hagu, iska na kaɗa masa kumatu, ba a jin maganar kowa sai alamar hannu. Yakan yi kusan minti ɗaya yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa kafin ya buɗe lema. Dole kuma ya iya naɗe lemarsa da hannunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tanadin da aka yi wa rai. Kowa lema biyu yake goyo. Ta biyun, ta ko-ta-kwana, dokar ƙasar ta ce ƙwararre mai takardar shaida ne zai naɗe ta, a kuma sake duk kwana 180 ko da ba a taɓa ta ba. A cikin jakar akwai 'yar na'ura mai auna tsayi da gudu. Idan mutum ya suma har ya kusanto ƙasa bai buɗe ba, ita za ta yanke zaren da ya rufe jakar ta saki lemar ko-ta-kwana.